Rubutun fanke yana da wurinsa, amma don Allah a cire shi daga katin alhazai

A shagon da nake aiki a nan Makka, wajen Shari' Mansur, rubutun fanke muke ce masa. Wato salon haruffan nan masu ƙiba, kowanne ya kumbura ya yi ɓul-ɓul, ba kaifi ba kusurwa, gefensa duk a dunƙule kamar yanzu aka tsamo shi daga cikin mai. Abokin aikina ɗan Yaman shi kuma luƙaimat yake kiransa, duk dai abu ɗaya ne. Aikinmu buga lauhar shago, wato allon sunan shago, da sitika, katin biki, takardar farashin abinci da makamantansu, kuma in ka tsaya rana ɗaya a gaban kwamfutarmu zaka ga yadda mutanenmu suke son rubutun nan, mutum zai shigo da hoto a wayarsa ya miƙo maka yace irin wannan nake so, mai kaurin nan, kafin ma ya faɗa maka me za a rubuta.

Ni ma ina sonsa, gara in faɗa tun yanzu kar wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Wallahi akwai lauhar da in ka yi ta da rubutun fanke, ja a kan ruwan ɗorawa, kalma biyu kacal, daga tsallaken titi zata kira ka. Mai tsire, wanda mutanen Hijaz suke cewa siriya, mai waina, mai fura da nono, mai shagon kayan yara, mai kunun aya a lokacin azumi, duk waɗannan rubutun ya dace da su saboda abin da suke sayarwa abu ne na sakin fuska, kuma harafi mai zagaye sakin fuska yake nunawa, ido yana ganinsa yake jin laushi da ɗumi, ba ya tsorata kowa. Tun 1922 wani mai zanen haruffa a Chikago ta Amurka mai suna Oswald Cooper ya fitar da Cooper Black, wanda kusan shi ne kakan irin waɗannan, kuma don talla aka yi shi, don a hango shi daga nesa, har yau shi ne a jikin jiragen easyJet. Kamfanin Volkswagen ma ya sa an zana masa nasa mai zagayen baki a 1979, VAG Rounded. Sai Arial Rounded da ya zo cikin kwamfutoci da yawa ya shiga hannun kowa. Yanzu kuma da manhajojin Canva da PixelLab da CapCut a waya, yaro ɗan shekara goma sha biyar yana kwance a ɗaki zai haɗa maka fosta cikin minti biyar, kuma hannunsa kan fanken yake fara sauka.

Damuwata ita ce mun ɗauki rubutun da aka yi don kira mun maida shi na bayani. Kira kalma ɗaya ce ko biyu, ga tsire, ga waina, barka da sallah. Bayani kuwa sunan masauki ne da lambar ɗaki da lambar waya da lokacin tashin mota, abin da mutum zai tsaya ya karanta baƙi bayan baƙi, kuma in ya kuskure ɗaya ya shiga wahala.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wani dattijo ne da na haɗu da shi lokacin aikin hajji, bayan isha'i, a titin Ibrahim Khalil ta hanyar gangarawa Misfala. Yana tsaye a gefen wani shago yana ta kallon benaye, duk wanda ya zauna a garin nan ya san wannan kallon, na wanda ya ɓata ne amma kunya ta hana shi magana. Na yi masa sallama da Hausa, sai naga fuskarsa ta saki. Nace Baba lafiya dai ko, yace ɗana tun magariba nake neman masaukinmu, duk gidajen kama suke min. Nace Baba kawo katinka in gani. Ya ciro shi daga wuya, katin da kamfanin jirgin yawon da ya kawo su ya buga musu ne ban da na hukuma, girmansa bai wuce katin ATM ba, an rufe shi da leda. An yi masa ado sosai, hoton Ka'aba a baya, sannan sunan kamfanin da sunan otal da lambar wayar jagoransu duk da rubutun fanke, fari a kan hoto. Sunan kamfanin ya fito raɗau don shi aka ba rabin katin. Lambar wayar kuwa an matse ta a layin ƙasa, ƙanana ga kauri, gumi ya shiga ta gefen ledar tawada ta ɗan bazu, wallahi ni da nake wannan sana'ar kullum, da hasken waya a hannuna, na kasa rabe 8 da 3 da 6 da 9, duk sun zama dunƙule ɗaya mai ɗan ɗigon haske a tsakiya. Na kira lamba ta farko wani Balarabe ya ɗauka, ta biyu a kashe, ta uku wata mata ce da ba ta san zancen ba. Sunan otal ɗin da Larabci shi ma ɗigoginsa sun manne da juna, ba ka sanin ba ce ko ya ce ko nun, ga shi otal-otal na wajen sunayensu kusan iri ɗaya. Sai da muka fi awa ɗaya muna yawo, shi da ƙafarsa a kumbure, kafin muka ci karo da wani daga cikin tawagarsu ya gane shi.

A hanya nake tambayarsa, Baba kai ka taɓa iya karanta lambar nan, yace a'a ɗana, ai na ɗauka idona ne. Maganar nan ta tsaya min a rai har yau. Ya ɗora laifin a kan idonsa alhali wanda ya tsara katin ne bai yi tunaninsa ba.

Kuma abin yana da dalili, ba wai son raina bane. Harafi ba da baƙin jikinsa kaɗai ake gane shi ba, har da farin da ke cikinsa da wanda ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Idon a, idon e, ramuka biyu na 8, buɗaɗɗen gefen 3. In ka ƙara wa harafi ƙiba to daga cikin wannan farin kake ci, in kuma ka goge masa kusurwa ka ɗauke alamomin da ido ke kamawa ya bambanta wannan da wancan. A lauha mai faɗin mita uku wannan ba komai bane don ramin 8 ɗin ma ya kai tafin hannu. Amma ka rage shi ya koma tsayin ƙwayar shinkafa, ramin ya toshe, sai ka ƙara da tawada mai bazuwa, da leda mai ƙyalli, da idon mutumin da ya haura sittin wanda tun yana wajen arba'in karatun kusa ya fara yi masa wuya kamar kowa, ga gajiyar ɗawafi da sa'ayi ga rashin barci. Ko a lauhar da ake sa wa fitila a ciki haka ne, da dare haske yana malala ya wuce gefen harafin, fari mai kauri sai ya ƙara kumbura, kalmar ta zama gajimare guda. Shi ya sa ba zaka taɓa ganin allon kan babbar hanyar Makka zuwa Jidda da irin wannan rubutun ba, kuma ka duba lambobin ƙofofin Harami, 1 ta Sarki Abdul'aziz, 79 ta Sarki Fahad, yadda suke a fili ba wani ado, saboda wanda zai karanta su yana cikin turereniya ne.

Ga kuma wata matsalar da mu mazauna muke mantawa don mun saba. Lambobin Larabci su kansu suna rikita baƙo, biyar ɗinsu kamar sifili take, sifilinsu ɗigo ne, shida kamar 7, biyu da uku haƙori ɗaya ne ya raba su. To ka zo ka kumbura su, haƙoran ukun su cike ta koma biyu, ɗigon sifili ya yi girma ya koma kamar biyar da ta toshe. Dattijon da ya yi karatun allo a Warsh kuma, fa ɗinsa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗinsa ɗigo ɗaya ne a sama, dama can sai ya yi lissafi kafin ya karanta rubutun nan ƙasar, sai kuma mu haɗe masa ɗigo biyu su zama ɗaya.

Najeriya kaɗai kujeru 95,000 aka ware mata a hajjin 2023, ban da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan inda masu jin Hausa suke da yawa, kuma kaso mai yawa na masu zuwa tsofaffi ne da suka yi shekaru suna tara kuɗin. A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu. A irin wannan yanayin, tsoho ya ƙara awa ɗaya yana yawo a rana don lambar waya ba ta karantuwa, wannan ba maganar ado bace kuma. Hukumomin nan suna ƙoƙari, har huɗubar Arfa ana fassarawa da Hausa, amma katunan kamfanoni da takardun da ake mannawa a jikin mota da ƙofar tanti a Mina da sanarwar da ake turawa a guruf na WhatsApp, waɗannan mu ne muke yinsu da hannunmu, ba wanda zai gyara mana.

Na san abin da wani zai ce, ai tsofaffin ne ma suke son rubutu mai kauri. Gaskiya ne, kuma ni ban ce a koma siririn rubutu kamar zare ba, shi ma wata wahalar ce. Mu dama ba baƙin kauri bane. Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa ko Barno, ko littattafan ajami da ake sayarwa a kasuwar Kurmi, ya san alƙalaminmu mai kauri ne, baƙi wuluk, har ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta zana wani salon haruffan kwamfuta ta sa masa suna Alkalami a kan tsarin rubutun Kano. Amma ka duba aikin gwanin marubuci da kyau, duk kaurin alƙalaminsa ba ya toshe idon mim ko wau ko ha ƙuri, yana ba layi tazara, wasali kuma ya sa shi da jar tawada don kar ya cakuɗa da baƙi. Kauri ne da lissafi, an yi shi don almajiri ya karanta a hasken wutar kara. Rubutun fanke ba da wannan niyyar aka zana shi ba, an zana shi ne ya ja ido a girma, kuma a nan ya iya aikinsa.

Zama a ƙasar nan ma ya isa ya koya mana cewa kowane rubutu da muhallinsa. Rigar Ka'aba da salon rubutun Larabci da ake kira sulus ake rubuta ta. Mus'hafin Madina da maɗaba'ar Sarki Fahad take bugawa tun da aka buɗe ta a 1984, hannun gwanin marubuci Usman Ɗaha ne da salon nasakh, saboda shi ne mai sauƙin bi layi bayan layi. Riƙ'a kuwa na sauri ne, na wasiƙa da kanun jarida da tsofaffin lauhohin kasuwa. Tsofaffin masu rubutun lauha da buroshi, kafin injin yankan sitika ya kore su, sun san wannan rabon ba sai an faɗa musu ba. Mu da muka gaje su da kwamfuta muna da salo ɗari a gabanmu amma sai mu ɗauki ɗaya mu shafa wa komai.

Wanda ya fi ci min rai bayan katin alhazai shi ne sanarwar rasuwa. Za a turo a guruf, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un da haruffa kumburarru masu launin ruwan hoda, irin waɗanda jiya aka yi katin sunan jariri da su, ga sunan mamaci ga lokacin da za a yi masa salla a Harami. Na san wanda ya haɗa ba da mugun nufi ya yi ba, yaro ne aka ce yi sauri ka sanar, ya buɗe manhaja ya ɗauki abin da ya saba. Amma rubutu yana da murya kamar yadda baki yake da ita, kuma ba wanda zai shiga gidan makoki ya yi ta'aziyya da muryar da yake wasa da jikansa. Haka ayar Alƙur'ani ko hadisi, wani lokaci ma manhajar ba ta iya jera Larabci daga dama ba, sai haruffan su rarrabu su juya baya, a haka a buga a manna. Wannan kam bai kamata ya wuce ta hannun kowane shago ba.

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Yawancin waɗannan salon masu ƙiba an zana su ne don Turanci da harsunan Turai, waɗanda suka zana ba su sa namu a ciki ba. To in ka rubuta masaukin baƙi, abu uku ne zai faru. Ko kwamfuta ta aro ƙ daga wani salon daban, sai kaga siririn harafi tsaye a tsakiyar ƙatti kamar an cire wa kalmar haƙori, ko ta sa maka ɗan akwati fanko a wurin, ko kuma, wanda aka fi yi, mai tsarawa ya gaji ya goge lanƙwasar ya bar masaukin baki. Na taɓa karɓar aikin takardar farashi ta wani gidan abinci, romon ƙashi, mai shagon yace in bar shi da k kawai tunda salon da ya zaɓa ba shi da ƙ, nace Alhaji karanta abin da zai fito ka ji, a jikin takardar abinci fa. Shiru ya yi sannan yace gyara.

Eh, na yarda yawancinmu a waya ba ma sa lanƙwasa kuma muna fahimtar juna, wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ma'ana tana ja masa gora. Amma mu a nan muna da yara da aka haifa a Makka da Jidda da Madina, wasu iyayensu ma a nan aka haife su, Larabci suka fara karantawa a makaranta, Hausar a gida kawai suke ji, boko kuwa ɗan abin da suke gani ne a lauhar shagunan unguwa da fostocin biki da abin da dangi suke turowa. In duk inda yaro ya ga kalmar an rubuta ta ba lanƙwasa, daga ina zai san ɗaki da ɗ ake yinsa, daga ina zai raba fada da faɗa. Lauha tana shekara biyar a rataye, malami ce ko mun so ko ba mu so ba. Kuma ba wai babu mafita bane, salon haruffan Andika da Noto Sans kyauta suke a intanet, suna da haruffanmu duka har da masu kaurinsu, kuma Andika dama don masu koyon karatu aka zana shi, haruffansa ba sa kama da juna. In kuma dole sai fanken ake so a sunan shago, kalma biyu ce, mai tsarawa ya zauna ya zana lanƙwasar da hannunsa daidai kaurin sauran, minti goma ba zai ci ba, ni haka nake yi.

Yadda nake aiki yanzu kenan in kwastoma ya yarda. Sunan shago ko kalmar kira, a ba ta fanke, a ba ta girma, a ɗan buɗa tsakanin haruffan don su sha iska, launi biyu ya isa kuma su zama masu nisa da juna, ba fari a kan hoto ba. Masu lauha suna da ɗan lissafinsu, kusan santimita biyu da rabi na tsayin harafi ga kowane mita uku na nisan mai karatu, da shi nake auna ko abin zai fito daga tsallaken titi. Duk abin da yake lamba ne ko adireshi ko lokaci ko gargaɗi, wannan a miƙe, salo mara ado mai matsakaicin kauri, baƙi a kan fari, lambar waya a rarraba ta uku uku ko huɗu. Kafin in buga da yawa sai in fitar da guda ɗaya a ainihin girmansa in miƙa wa wani dattijo mai shayi da ke kusa da mu, in ya karanta ba tare da ya matso da ita hanci ba to ta yi, in ya tsaya yana juya takardar to na koma kan kwamfuta. Wasu kwastomomin suna jin haushi, suce ai kuɗinsu ne, kuma gaskiyarsu ne a kan lauhar shagonsu, wanda ya so ya cika ta da fanke daga sama har ƙasa shi zai yi asarar masu kiransa. Amma katin da za a rataya a wuyan tsoho ba na mai kamfani bane shi kaɗai, shi yana da wayarsa da direbansa, ba shi zai tsaya a titi da dare ba.

Shi ya sa nake roƙon masu kamfanonin jirgin yawo da jami'an alhazai na jihohi da duk wanda ake ba kwangilar buga waɗannan abubuwa a Kano ko Kaduna ko Yamai ko a nan, sunan kamfani a yi masa duk adon da ake so a bayan katin, gaban a bar wa alhaji. Sunan masauki da Larabci babba yadda ɗan sanda ko direban tasi zai karanta da kallo ɗaya, a ƙasansa da boko, sai unguwa, sai lambar waya da manyan lambobi, in da hali lamba biyu don ɗaya tana iya mutuwa. Tawadar da ba ta jin gumi ba ta fi ɗayar tsada da wani abin kirki ba in aka kwatanta da miliyoyin da kowane maniyyaci ya biya.

Washegarin ranar da na raka Baba, da na je shago na buga masa sabon kati, layi huɗu baƙi a kan fari, na haɗa da na mutum uku da suke ɗaki ɗaya na kai musu bayan la'asar. Ya riƙe nasa a tsayin hannu ya karanto min lambar da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, sannan yace ɗana sauran mutanenmu fa, mun kusa hamsin. Na nemi jagoran nasu ya ba ni sunaye in buga wa kowa, yace in bari sai sun dawo daga Mina.